Awa Ɗaya da Minti Goma

Agogo suke kirana a tasha, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Shekara goma sha tara ni ke rubuta allon tashi da isa na manyan motocinmu. Ka ambaci gari, in faɗa maka kilomita nawa ne, awa nawa za ka yi a hanya, har da wurin da direba zai tsaya shan shayi ya ce wai taya yake dubawa. A gida ma haka abin yake. Duk wanda zai yi tafiya a danginmu ni yake tambaya ƙarfe nawa zai fita, kuma in na faɗa an gama. Na kawo wannan ne don a san ba jahili ne ya yi abin da zan faɗa ba.

Huhun Inna ne ya gaji. Shekara biyu tana numfashi da taimakon wata 'yar na'ura mai girman rediyo, da siririyar roba da ke zagaya kunnuwanta ta shiga hanci. Na'urar tana da lamba ɗaya zuwa biyar, gwargwadon iskar da take turawa. Likita ya ce a bar ta a uku, kada a taɓa. A gida tana jone da wuta, in aka ɗauke sai batiri ya karɓa.

Autarmu nas ce a wani babban asibiti a ƙasar da aure ya kai ta. Wata huɗu tana safa da marwa kafin ta samo wa Inna gado a wurin wani ƙwararren likitan huhu. Ranar Talata da yamma za a kwantar da ita. In ba ta zo ba, a ba na bayanta, ita kuma ta koma ƙarshen layi. Daga garinmu zuwa can kilomita dubu ɗaya da ɗari shida ne, kwana biyu a mota in hanya ta yi kyau, kuma kowa ya san Inna ba za ta kai rabi ba. Sai jirgi. Ni da ita duk ba mu taɓa shiga ba.

Auta ta turo tikiti a waya, na je shago aka buga min a takarda, don ni abin da ban riƙe a hannu ba ban yarda da shi ba. Tashi ƙarfe goma da minti ashirin. Sauka sha ɗaya da rabi. Na cire wancan daga wannan kamar yadda nake yi a allo kowace safiya: awa ɗaya da minti goma. Har yawo na yi da takardar a tasha ina nuna wa direbobi, ina ce musu ga abin da suke kwana biyu suna fama da shi. Wani tsohon direba ya karkata kai ya ce, “Anya kuwa, Agogo? Ko tsuntsu ne ai ya huta a hanya.” Na ce masa ya tsaya a kan tayoyinsa, lissafi ba fanninsa ba ne. Aka yi masa dariya.

Ranar Asabar na kai na'urar wurin mai gyara, a wani ɗan shago bayan asibiti da ke warin dalma. Ya cika batirin, ya kunna ta a uku, ya ajiye agogonsa a gefe har ta mutu.

“Awa biyu da kwata,” in ji shi. “A biyu za ta kai uku da 'yan kai, amma kai uku aka ce maka. Malam, da ka jira Alhamis, akwai batiri na biyu da zai iso min. Ko ka zaga ka nemi aro.”

Na zaro takardar na shimfiɗa masa a kan tebur.

“Karanta nan. Awa ɗaya da minti goma. Ka ƙara rabin awa na shiga, kwata na fita. Ƙanwata tana bakin ƙofa da tukunyar iska a mota. Me ya rage?”

Ya ƙirga da yatsu. “Minti ashirin.”

“To, kyauta na ba ka su.”

Da Auta ta kira ta ce, “Yaya, batirin zai kai?” na ce zai kai har ya yi saura. Ba ta ƙara tambaya ba. Laifina ne wannan ma, don ni na saba musu da cewa ba a bin bayan lissafina.

Ranar Talata da safe muka isa filin jirgi da wuri. An ba Inna keken guragu, ta zauna a ciki ta rungume jakarta a cinya kamar za a ƙwace, tana kallon rufin ginin.

“Babba,” ta ce, haka take kirana, “duk wannan ɗakin na jiran mota ɗaya ne?”

A kanta wani matashi mai taye ya duba takardar likita, ya leƙa na'urar, ya turo min fom. Ya ce dokarsu ita ce batiri ya kai tsawon tafiyar da rabinta. Ko kansa bai ɗago ba. Na yi lissafin a tsaye: awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Ina da biyu da kwata. Na sa hannu, har da ɗan ja masa wutsiya.

A ɗakin jira na samu soket ɗaya a jikin ginshiƙi kusa da kwandon shara. Na jona na'urar, na tsuguna a wurin ina gadinsa, don akwai samari uku da ke shawagi da cajar waya. Goma saura minti goma aka kira masu keke. Na zare waya daga bango. Daga wannan lokacin batiri ya fara ci.

Aka ba Inna kujerar taga, ni a tsakiya. Na tura na'urar ƙarƙashin kujerar da ke gabanta yadda aka ce, fuskarta tana kallon ƙafafunmu. A gefena wata 'yar kasuwa ce ta zauna, mace mai jiki, da waya biyu a hannu. Kafin ta ɗaura bel ta riga ta cire takalma, alamar ta saba. Ta leƙo ta gaida Inna.

“Sannu Mama. Allah ya ƙara sauƙi.”

“Amin, 'yar nan. Ke ma asibitin za ki?”

“A'a, kaya zan ɗauko. Duk mako ina hanya.”

Aka rufe ƙofa. Jirgin ya fara ja da baya a hankali. Sai muryar matuƙi ta fito a lasifika. Turancina na tasha ne, amma lamba ba ta taɓa ɓace min a kowane baki ba. Ya yi maraba, ya ambaci yanayi, sannan ya ce za mu yi awa biyu da minti goma a sama.

Na yi murmushi. Wallahi murmushi na yi, irin na wanda ya kama babba da kuskure. Na juya wurin matar.

“Kin ji shi? Wai awa biyu.”

“Eh mana. Da minti goma.”

“Ai tikiti ya ce sha ɗaya da rabi za mu sauka.”

“Sha ɗaya da rabinsu,” ta ce, tana kashe waya ta biyu. “Agogonsu yana bayan namu da awa guda. Lokacin tashi na nan ne, na sauka na can. Kowa da nasa.”

Abin takaicin, na san da wannan. Shekara shida ina kiran Auta da safe tana ce min, “Yaya, mu fa yanzu gari ya waye.” Amma sanin yana aljihu ɗaya, tikitin yana wani aljihun, ban taɓa haɗa su ba. Duk motocin da na rubuta a allo, agogon da ya sallame su shi ne yake tarbarsu.

Na sunkuya na dubi na'urar. Sandunan caji huɗu take nunawa in ta cika. Ɗaya ta riga ta tafi. Na lalubi ƙarƙashin kujerata, na lalubi hannun kujera, na shafa bangon da ke gefen Inna. Babu soket ko ɗaya.

Ma'aikaciyar jirgi tana tahowa tana duba bel, layi bayan layi. Har yanzu muna ƙasa. Ina ganin ginin da muka fito ta taga, da ginshiƙansa, har ina iya ƙiyasta inda soket ɗin nan yake. Abin da ya kamata in yi bai fi ɗaga hannu ba. Amma na ga abin da zai biyo baya tiryan-tiryan: a tsayar da jirgi, a jawo matakala, a sauke tsohuwa a gaban mutum ɗari da hamsin, a ɗauko fom ɗin da na sa wa hannu. Gadon ya tafi. Wata huɗu kuma, kuma ko ni da ba likita ba na san Inna ba ta da wata huɗu na jira. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Akwai wani a ƙarƙashinsa, ƙarami, mai wari: ban san da wane baki zan ce wa Auta na kasa cire lamba daga lamba ba.

Ma'aikaciyar ta iso. Ta dubi robar hancin Inna, ta dubi na'urar, ta yi min murmushi.

“Komai lafiya?”

“Lafiya lau,” na ce.

Ta wuce.

Na zaro biro na juya bayan tikitin. A uku, batirin zai mutu sha biyu da minti biyar a agogona, mu kuma, tun da ba mu ma tashi ba tukuna, sai ɗaya saura kwata za mu taɓa ƙasa. Minti arba'in babu iska. Na sake bi, na sake bi, bai canza ba. Sai maganar mai gyara ta dawo min: a biyu za ta kai uku da 'yan kai. Na yi wannan lissafin ma. Ya fita tsaf, har da ragowar 'yan mintoci, irin fitar da ta kawo mu inda muke.

Injunan jirgin suka ɗauki ruri. Jirgin ya zabura da gudu, kujera ta danne min baya. Inna ta rufe ido gam, ta kama hannun kujera, leɓenta yana motsi da addu'a. Na sunkuya kamar mai gyara igiyar takalmi, na danna maɓallin sau ɗaya. Na'urar ta yi ɗan ƙara, tit. Uku ta koma biyu. Na ɗago na dubi Inna, idonta a rufe.

Akwai wani ɗan abu da Auta ta aiko mana, ana maƙala shi a yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta ce in ya sauka ƙasa da casa'in a nemi likita. A ɗakin jira casa'in da huɗu ya nuna. Da jirgin ya daidaita a sama na maƙala mata. Casa'in da ɗaya. Na ce to, alhamdu lillahi. Bayan minti goma, tamanin da tara.

“Babba.”

“Na'am, Inna.”

“Iskar nan ta sama ba ta da kauri.”

“Haka take, Inna. Nisa ne. Kowa haka yake ji.”

Ta gyaɗa kai. Kafaɗunta sun fara tashi da kowane numfashi, abin da ba sa yi sai in ta je banɗaki ta dawo. Tamanin da bakwai. Na cire abin daga yatsanta na jefa aljihu, kamar in ban gani ba zai tsaya inda yake. Ban kai minti biyar ba na sake zaro shi. Tamanin da biyar.

Na sunkuya na mayar da ita uku. Tit. Na zauna ina kallon lambar tana hawa da ƙyar, tamanin da shida, da bakwai, da takwas. Sai na dubi ƙasa, sanda ta biyu ta ɓace a kan idona. Na sunkuya na mayar biyu.

Ban san sau nawa na yi haka ba. In na dubi yatsanta sai in ƙara, in na dubi sandunan sai in rage. Gumi ya jiƙa min riga duk da sanyin da ke hurowa daga sama. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da motarmu ta kife da fasinja aka kira ni in karanta sunaye. A ranar ba ni ne na riƙe sitiyari ba.

Aka turo keken shayi. Ma'aikaciyar ɗazu ce. Ta tsaya daidai kanmu, ta tambayi abin da za mu sha. Yanzu ai babu batun sauke mu, mun yi nisa. Amma a kaina, in na yi magana juyawa za su yi da jirgin gaba ɗaya, kuma ban san suna da wani abin da za su iya yi mata ba. Na ɗauka iskar jirgi ita ce wadda suka nuna ɗazu, mai faɗowa daga rufi in jirgi zai faɗi. Kuma mutumin da ya ce lafiya lau sau ɗaya, na biyun ya fi masa sauƙi. Na ce ruwa. Na kai wa Inna kofin baki, ta kurɓa kaɗan, sauran ya zubo mata a haɓa.

'Yar kasuwar ta daɗe tana satar kallonmu. Ta matso da kai.

“Ɗan'uwa, leɓenta fa ya yi duhu.”

“Haka yake dama.”

“Ɗazu ba haka yake ba.”

“Hajiya, uwata ce. Na fi ki saninta.”

Ta ja jikinta ta koma, amma ba ta ɗauke ido daga kanmu ba.

Sha ɗaya da rabi ta cika a agogona, lokacin da ke rubuce a tikiti, lokacin da na yi yawo da shi a tasha. Na leƙa ta kan Inna na dubi taga. Babu gari, babu hanya, babu ko bishiya. Gajimare ne fari shimfiɗe har ƙarshen gani, jirgin kuma kamar an rataye shi, ko motsi ba na ganin yana yi. A mota in abu ya ɓaci sai ka daki ƙofa direba ya taka birki. Nan babu gefen titi. Saura awa ɗaya da kwata, sanda ɗaya da ta rage.

Inna ta ɗora tafinta a kan agogona ta rufe shi. Hannun ya yi sanyi.

“Daina kallonsa,” ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. “Ba zai ƙara sauri ba.”

Na bar hannunta a wurin. Na bar na'urar a biyu, don babu sauran abin da zan ƙara da shi. Na fara ƙirga numfashinta maimakon mintoci, kuma wannan ya fi muni. Can ta buɗe ido ta dubi bayan kujerar gabanta.

“An samo wa babanku wurin zama?”

Baba shekararsa tara da rasuwa.

“An samo, Inna.”

“Kada a sa shi baya. Baya tana jijjiga shi.”

Na ce to. Hawaye suka zubo min, na juya fuska don kada matar gefe ta gani, sai na tarar ni take kallo.

Sha biyu da minti ashirin na'urar ta fara kuka, tit-tit-tit, jar fitila tana ƙiftawa. Mutumin da ke gabanmu ya waiwayo. Na sa ƙafa na danne ta kamar hakan zai rufe mata baki. Minti biyar ta yi tana kukan. Sannan ɗan hucin nan da take yi, wanda shekara biyu muke ji a ɗakin Inna har mun daina jin sa, ya tsaya. Kan Inna ya kwanta a jikin taga, bakinta a buɗe. Na kira ta ba ta amsa ba. Na girgiza kafaɗarta, na sake kira. Ni da nake da amsar kowace tambaya a tasha, na zauna riƙe da robar da babu komai a cikinta.

'Yar kasuwar ba ta tambaye ni ba. Ta miƙa hannu ta danna maɓallin kira a sama, ba ta ma jira ba ta kwance bel ta miƙe tsaye ba takalmi, tana ɗaga hannu biyu.

“Ku zo, tsohuwa ba ta numfashi!”

Ma'aikaciyar ta zo da sauri. Kallo ɗaya ta yi wa Inna. Ta koma baya taku uku, ta buɗe wata ma'ajiya a saman kujeru, ta zaro koriyar tukunyar iska da takunkumi a jiki. Taku uku daga inda nake zaune. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta tashe mu ni da matar, ta durƙusa a kan kujerata, ta ɗaura wa Inna takunkumin ta murɗa. Na ji iskar tana fita, sssss. Na miƙa mata abin yatsan ba tare da ta tambaya ba. Saba'in da shida.

“Tun yaushe take haka?”

“Yanzun nan,” na ce.

“Ya fi awa,” in ji 'yar kasuwar a bayana.

Aka yi cigiyar likita a lasifika, babu wanda ya tashi. Babbar ma'aikatan jirgin ta zo, ta duba, ta tafi gaba ta yi waya da matuƙi. Lambar ta fara rarrafe: saba'in da tara, tamanin da ɗaya. Idon Inna ya ɗan buɗe, amma ba kowa take kallo ba. Ma'aikaciyar tana riƙe da wuyan hannunta, tana kiranta Mama, Mama, a hankali. Ba ta juyo ba ta ce min, “Huɗu muke da su irin wannan. Da ka faɗa.” Babu faɗa a muryarta. Na so a ce ta zage ni.

Aka zaunar da ni a kujerar matar, ita aka kai ta wani wuri. Jirgin ya fara gangarawa, kunnuwana suka toshe. Minti ashirin ɗin nan ban yi lissafin komai ba. Idona yana kan takunkumin, ina jiran in ga ya yi hazo in ta fitar da numfashi. In ya yi, sai in jira na gaba. Sau biyu ya daɗe bai yi ba har na fara miƙewa. Da tayoyi suka daki ƙasa wasu suka yi hamdala da ƙarfi, ni ban iya ba.

An hana kowa tashi sai da aka sauke ta. Mutum biyu suka ɗauke ta a gadon ɗaukar marasa lafiya, na bi su da matacciyar na'urar a kafaɗa, zuwa wani ɗan ɗakin jinya a cikin filin jirgin. Gado ɗaya ne a ciki, da labule, da likita mai furfura a gemu. Aka jona ta da babbar tukunya. Ba a jima ba Auta ta faɗo ɗakin da kayan aikinta a jiki, wani mai gadi yana biye da ita yana mita. Ba ta gaishe ni ba. Ta ɗaga fatar idon Inna, ta duba farcenta, ta sa kunne a ƙirjinta. Sannan ta karɓi na'urar daga kafaɗata ta danna. Shiru.

“Yaushe ta mutu?”

“Minti ashirin kafin mu sauka.”

“Yaushe ka zare ta daga wuta?”

Na faɗa mata, har da lissafin mai gyara. Na ga tana haɗawa a kanta, don ita ma jininmu ce, ba ta da jinkiri a lamba.

“Awa biyu da kwata ka ce min take yi, Yaya. Wannan ya wuce biyu da rabi.” Ta ajiye na'urar a kan gado. “A nawa take?”

Likitan ya ɗago daga takardarsa. Ya ce yana bukatar ya sani, don mutumin da ya rasa iska minti biyar daban yake da wanda ya yi awa biyu tana gaza masa, kuma abin da za a yi mata a motar asibiti ya danganta da amsar. Su biyun suka zuba min ido. Na buɗe baki.

Sai muka ji motsi a kan gadon. Inna ce ta ɗago hannu da ƙyar, ta sa yatsa biyu ta janye takunkumin gefe.

“Ni na rage,” ta ce. Ta ja numfashi, ya ƙi zuwa, ta sake ja. “Ƙarar ce ta dame ni. Na mayar biyu. Ki ƙyale shi.”

Inna ba ta taɓa sa hannu a jikin na'urar nan ba tun da aka kawo ta gidanmu, tsoronta take ji. Kuma da bel a ƙugunta, ko yatsan ƙafarta ba za ta iya taɓawa ba, balle ƙarƙashin kujera. Auta ta san wannan kamar yadda na sani. Ashe duk sunkuyawar da na yi, tun ta farko, tana ji.

Auta ta mayar mata da takunkumin, ta gyara igiyar a bayan kunnenta. Ta ce wa likitan, “A biyu take. Ka rubuta awa biyu.” Ba ta dube ni ba.

Motar asibitin mutum ɗaya take ɗauka bayan mara lafiya. Auta ta shiga. Ta ce, “Ka jira kaya, Yaya,” tana kallon tukunyar iska. Na tsaya a bakin ƙofar motar. Can ciki na ga hannun Inna ya sake tashi yana neman takunkumin. Ta ga ba a yarda da ita ba, so take ta sake faɗa, da iskar da ba ta da ita. Auta ta kama hannun ta danne shi a kan gado, ɗayan ya tashi. Suna cikin haka direban ya zagayo ya rufe ƙofa.